Kunnen da Muka Binne

Rami kamu uku muka haƙa
a bayan shingen lamomin babana,
can ƙololuwar tudun Boliviya
inda numfashi ɗaya ba ya isar mutum
sai ya ƙara da rabi.
Kafin diga ta taɓa ƙasa
Baba Nemesio ya ajiye ganyen koka uku,
ya ɗiga barasa, ya nemi izini.
"Ba a shiga ɗakin uwa ba sallama," in ji shi.

Na sauke na'urar kamar mai sauke ƙwai,
na saita ta da arewa,
na rufe ta da yashi da tsohon bargo.
Faifan hasken rana kuwa, bisa dutse na kafa shi.

"Me za ta ji, Casilda?"

Na ce, Baba, tuna Inna a kasuwar Lahadi:
ba ta sayen tukunya sai ta ƙwanƙwasa,
amon ne ke gaya mata kauri.
Mu ba mu da yatsan ƙwanƙwasa duniya,
jira muke.
Wata rana ƙasa za ta girgiza a ƙetaren teku,
motsin ya ratso cikin duniya, ya taso ta ƙarƙashinmu,
a gindin ɓawon ƙasa ya rabu biyu,
ɗaya mai sauri,
ɗaya mai jan ƙafa.
Tazarar isowarsu ita ce igiyar awonmu.

Ya daɗe yana juya ganye a kunci.
"Wato sai gidan wani ya rushe
kafin lissafinki ya fita."
Ban amsa ba.
Na duƙa ina ɗaure wayar da ba ta kwance ba.

Wata goma sha huɗu kunnen yana kwance.
Yanzu ga ni a La Paz, ƙarfe biyun dare,
shayi ya huce, allo na ƙona min ido.
Girgiza arba'in da uku na jera
kamar zare a masaƙa,
kowacce da garin da ta baro,
ban tambayi sunayen garuruwan ba.
Duk bakinsu ɗaya:
daƙiƙa takwas da 'yan kai.
A kwari, wajen masu rake, huɗu ce.

Kilomita kusan saba'in ke nan.
Ashe tsayin da muke taƙama da shi hula ce kawai,
gangar jikin tana can ƙasa,
ta nutse cikin dutse mai zafi
kamar kwalekwalen da aka yi wa lodi a tafkin Titikaka.
Abin da ya ɗaga mu sama
ba ya ganin rana.

Sauran abin da kunnen ya ji, hayaniya ake ce masa.
Iska. Motocin gishiri. Kofaton lamomi.
Daren hunturu da ake tattake dankali
bayan sanyi ya daskarar da shi.
"Tace su duka," in ji Farfesa Irusta,
"ba su muka zo nema ba."

Amma kowace asuba, shida saura,
akwai wani ɗan rubutu siriri:
taku mai nauyi,
sai taku mai ja.
Ƙafar da alfadari ya karya tun ina goye.
Ban sa shi ba, ban ma sani ba,
kullum yana zuwa ya share raɓar ƙanƙara daga faifan
da hannun rigarsa,
ya ɗan tsaya,
ya juya.

Ranar tara ga Agusta rubutun ya ɗauke.
Layin ya miƙe ɗoɗar har hantsi.
A waya aka gaya min, bayan kwana biyu;
ƙasa ta riga ni ji.

Na miƙa wa Farfesa saba'in ɗinsa, an tafa mana.
Hayaniyar na kwafe, na taho da ita gida.
Wani daren nakan buɗe
in auna tazarar da ke tsakanin takun nan biyu,
mai sauri da mai jan ƙafa.
Rabin daƙiƙa ce, wani lokaci ta ɗara.
Har yau ban gano
kaurin me take gaya min ba.